Riyalin Azurfa Mai 1780: Yadda Ake Rarrabe Na Gaske Da Jabu

 A wannan mako za mu duba wani abu ne wanda ba a rasa shi a tsofaffin gidajen attajirai da sarakuna da malamai, tun daga Kukawa har Sakkwato, har ma da zangunan Hausawa na kudu, watau babban riyalin nan na azurfa mai hoton wata mace da lulluɓi a fuska guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya fuskar. Yawanci ba a tunawa da shi sai ranar rabon gado, sa'ad da aka buɗe adakar tsohuwa aka tarar da guda uku ko goma ƙulle a tsumma. Nan fa sai gardama ta tashi. Wani ya ce ai an yi arziki, tunda ga 1780 rubuce a jiki, abin ya haura shekara 240. Wani kuma ya ce darma ce aka shafa wa fari, a ba yara su yi wasa. Sau da yawa dukansu biyu ba su yi daidai ba, kuma a tsakanin waɗannan zato biyu ne haƙƙin marayu ke salwanta, 'yan damfara kuma su sami na abinci. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

ASALIN RIYALIN

Matar da ke jikin riyalin nan sunanta Mariya Tereza, wadda ta mulki Ostiriya da Hangari da Bohimiya daga 1740 zuwa 1780. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741. A 1753 ƙasarta ta ƙulla yarjejeniya da maƙwabciyarta Babariya a kan nauyin riyal da yawan azurfar da za a zuba a ciki, kuma ma'aunin nan ne ya tabbata har yau. Nauyin kowane ɗaya giram 28.07 ne. Idan aka kasa shi kashi shida, biyar azurfa ce, ɗaya jan ƙarfe, wanda ake gaurayawa don kada ya yi saurin cinyewa a hannu. Ke nan akwai giram 23.39 na zallar azurfa a cikin kowane riyal. Faɗinsa kimanin milimita 40 ne, kaurinsa kuwa wajen milimita biyu da rabi. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma da kyau, domin su ne makaminsa a duk abin da zai biyo baya.

Lulluɓin da ke kanta na takaba ne. Mijinta ya rasu a 1765, ita kuwa ba ta sauke kayan makoki ba har ƙarshen ranta. Rubutun da ya kewaye ta da harshen Latin yake, a taƙaice, yana lissafa sarautunta: sarauniyar daular Rum, da ta Hangari da Bohimiya, sa'an nan a baya a ƙarasa da Ostiriya da Bargandi da Tirol, sai shekara, sai wata 'yar alama mai kama da harafin X.

Fataken Larabawa da Turkawa sun yarda da wannan riyal tun sarauniyar tana raye, saboda nauyinsa ba ya tawaya, azurfarsa kuma ba a yi mata algus. Da shi Turawa suka riƙa sayen gahawa a Yaman. Daga nan ya bazu zuwa Hijaz da Masar da Sudan da Habasha, ya kuma ƙetaro Sahara ta hanyar Tarabulus da Murzuk da Bilma har Barno, wasu kuma alhazai suka komo da shi. Larabawa suka yi masa laƙabi da Abu Ɗair, watau mai tsuntsu. Barebari suna ce masa gursu, mu kuma muka ce riyal ko liyari. Lokacin da Baturen nan matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal ɗaya a kan wuri 2,500. Ashe ke nan keso guda, mai wuri 20,000, wanda sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga, riyal takwas ne kacal da za a iya ɗaurewa a lalita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa madugai suka so shi. A Barno, zamanin Shehu Umar, riyal ne babban kuɗi, wuri kuwa shi ne canjinsa. Sai da Turawan Ingila suka ci ƙasar, suka hana shigo da shi da wuri a farkon mulkinsu, sa'an nan ya koma hannun maƙeran fari, suna narkawa suna ƙera zobba da mundaye da kayan doki, matan Fulani kuma suna huda shi suna ado da shi.

SHEKARAR DA BA TA CANZAWA

To, ga inda gizo ke saƙa. Sarauniya ta rasu a watan Nuwamba na 1780, amma masu ciniki da riyalinta a gabas ba su yarda da wata sabuwar fuska ba. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da hotonta, da kuma shekarar rasuwarta, ba a ƙara ko ɗaya a kai ba. A 1857 Sarki Faranz Yusuf na Ostiriya ya ba da doka cewa riyalin kuɗin fatauci ne da ƙasashen waje, a 1858 kuma aka daina karɓarsa a kasuwannin Ostiriya kanta, amma bugu bai tsaya ba. Har Ingilishi, da za su yaƙi Sarki Tewodros na Habasha a 1868, sai da suka nemi riyalin daga Biyana, don mutanen ƙasar ba za su sayar musu da ko ingarman alfadari da fam ɗin Ingila ba.

A 1935 Ostiriya ta miƙa wa Italiya izinin buga shi, daidai lokacin da Musolini ke shirin auka wa Habasha. Ganin haka sai Ingila ta fara buga nata a Landan daga 1936, aka kuma buga a Faris da Birasal da Bamingam, da Bombai ta Indiya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a farkon shekarun 1960 bugun ya koma hannun Ostiriya ita kaɗai, kuma har gobe ma'aikatar kuɗi ta Biyana tana buga shi tana sayarwa, da 1780 ɗinsa raɗau. An ƙiyasta abin da aka buga gaba ɗaya ya haura miliyan 300.

Saboda haka, jama'a, 1780 ba ranar haihuwar riyalin da ke hannunka ba ce. Yana yiwuwa kakan kakanka ne ya karɓe shi a Kukawa, yana kuma yiwuwa bara aka buga shi. Dukansu na gaske ne, domin azurfarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Tambayoyi biyu ne ke gaban mai riyal, kuma bai kamata ya cuɗanya su ba. Ta farko, shin azurfa ce ko jabu? Ta biyu, idan azurfa ce, wane bugu ne, na ina, na wane zamani? Ta farko kowa zai iya amsa ta a ɗakinsa. Ta biyu tana bukatar ido da haƙuri.

GWAJI BIYAR

Gwajin farko shi ne sikeli. A sami ɗan ƙaramin ma'aunin nan na masu sayar da gwal, mai nuna ɗigon giram. Riyalin da bai sha hannu ba zai ba da giram 28 da 'yan kai. Wanda ya daɗe yana yawo zai iya sauka zuwa 27 da rabi. Amma wanda zanensa ke nan ƙal, ba huda, ba gutsure, ya kuma ba da giram 24 ko 25, wannan ba sai an tambayi kowa ba. Haka nan wanda ya zarce 28 da rabi abin tuhuma ne.

Na biyu shi ne awon faɗi da kauri. Maƙerin jabu yana cikin tsaka mai wuya: ƙarafan da yake amfani da su, irin su tagulla da farin ƙarfe, ba su kai azurfa nauyi ba. In ya daidaita faɗi da kauri, nauyi ya gaza. In ya cika nauyi, sai riyalin ya yi kauri kamar waina. Don haka a haɗa awon nan biyu, kada a wadatu da ɗaya.

Na uku shi ne baki, watau kewayen riyalin. A juya shi a tsaye a duba. Na gaske yana da rubutu mai tudu a bakinsa, IUSTITIA ET CLEMENTIA, ma'ana adalci da rangwame, wanda shi ne taken sarautar Mariya Tereza, da 'yan zane-zane tsakanin kalmomin. An yi haka ne tun asali don a hana masu kankarar bakin kuɗi su tara garin azurfa. Wannan rubutu shi ya fi ba 'yan jabu wuya. Riyalin da bakinsa sumul yake alhali fuskarsa ba ta goge ba, ko mai tsaga-tsaga irin ta sulallan zamani, ko wanda aka ga wani siririn layi ya ratsa tsakiyar bakin ya kewaye shi, to a yi hattara. Layin nan shi ne mahaɗar tukunyar zubi.

Nan ya kamata a fahimci bambancin bugu da zubi. Kuɗin gaske bugawa ake yi: a sa faifan azurfa tsakanin hatimi biyu na ƙarfe a danne da ƙarfi, sai haruffa su fito da kaifi, fili kuma ya yi santsi. Jabu kuwa yawanci zubi ne: a danna riyal na gaske a yumɓu ko yashi, a narka ƙarfe a zuba. Idan aka duba da gilashin ƙara girma za a ga 'yan ramuka kamar zanzana, da ƙuraje, haruffa kuma sun yi dagwalgwal kamar an rubuta da sabulu. Bugu da ƙari, ƙarfe yakan tsuke idan ya huce, shi ya sa na zubi yakan ɗan gaza na gaske faɗi.

Na huɗu shi ne amo. A ɗora riyal a kan ɗan yatsa, a ƙwanƙwasa bakinsa a hankali da wani kuɗin ko da fensir. Azurfa tana da zaƙin murya, amonta yana ja kafin ya mutu. Darma kuwa "ƙwas" za ta ce ta yi shiru. Wannan shi ne gwajin da 'yan canjin da suka fi dogara da shi. Sai dai riyalin da aka huda, ko aka liƙa masa marataya, ko ya tsage, amonsa kan dushe ko da na gaske ne. A gwada kuma da mayen ƙarfe: azurfa ba ta kama shi. Duk riyalin da ya manne, baƙin ƙarfe ne a ciki. Amma rashin kamawa ba shaida ba ce, gama tagulla da darma ma ba su kamawa.

Na biyar shi ne gwajin ruwa, kuma shi ne alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinsa. A ɗora kofin ruwa a kan sikeli, a mai da lissafin sikelin sifiri. A ɗaure riyal da siririn zare, a zura shi ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Sikeli zai nuna nauyin ruwan da riyalin ya ture, wanda ga na gaske bai wuce giram 2.75 ko kusa da haka ba. Sai a raba nauyin riyalin da wannan adadi. Na gaske zai ba da wajen 10.2. Tagulla za ta ba da wajen 8.5, farin ƙarfe wajen 8.9, darma kuwa 11.3. Mai wayo zai iya gauraya darma da kuza har ya kusanci lissafin, amma abin da ya haɗa zai yi laushi, ba shi kuma da amo, sai gwaji na huɗu ya tona shi. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Akwai gwajin da ba mu ba da shawarar a yi ba, watau kankara da zarto ko ɗiga ruwan batir da makamantansa. Gaskiya ne maƙera suna yi, amma su narkawa za su yi. Tabon da aka yi wa riyal ba ya gyaruwa, kuma idan ya zamana daga cikin masu wuyar samu ne, an yi asarar da ta fi ƙarfin abin da ake nema a sani.

WANE BUGU NE?

Idan riyal ya tsallake gwaje-gwajen nan, sai a koma ga tambaya ta biyu. A fara da shekara. Duk riyalin Mariya Tereza mai shekarar da ta gabaci 1780, kamar 1760 ko 1772, muddin ba jabu ba ne, to na zamaninta ne haƙiƙatan, domin 1780 kaɗai aka daskarar. Waɗanda aka buga kafin rasuwar mijinta ba su da lulluɓi, fuskarta kuma da sauran ƙuruciya. Irin waɗannan ba a kai su maƙera.

Cikin masu 1780 kuwa, a duba ƙarƙashin kafaɗar sarauniya. Galibi za a ga haruffa biyu, S.F. Waɗannan farkon sunayen wasu ma'aikata biyu ne, Schobl da Faby, masu kula da gidan buga kuɗi na garin Gunzburg, wanda yanzu yake cikin Jamus. Samfurinsu ne kowa ya kwafa daga baya, har Landan da Bombai, don haka S.F. ba ta nuna tsufa. Amma idan ba a ga S.F. ba, aka juya baya aka ga I.C. da F.A. kusa da ƙafafun tsuntsun, wannan tsohon bugun Biyana ne. In kuwa A.H. da G.S. ne, na Karlsburg ne, a ƙasar Romaniya ta yanzu. Waɗannan su ne masu tara tsofaffin kuɗi ke nema ido rufe.

Sa'an nan a karanta rubutun baya. Tsofaffin bugu da dama sun rubuta AUST da harafin U, alhali na baya-bayan nan AVST suke rubutawa da V. A duba kuma maɓallin da ya kama rigar sarauniya a kafaɗa. A bugun da ya fi yawa, maɓallin mai siffar ƙwai ne, lu'ulu'u tara sun kewaye shi. A wasu tsofaffi kuwa babu lu'ulu'u ko ɗaya. Lu'ulu'un da ke kambin goshinta ma ana ƙirga su, a wani bugun bakwai, a wani takwas. Har gashin wutsiyar tsuntsun yana da magana: bugun Biyana na zamani gashi uku ne a tsakiya, na Landan biyu. Siffar alamar X da girman haruffan S.F. su ma sun bambanta. Wani masani mai suna Walter Hafner ya tattara ire-iren nan ya ba kowanne lamba, kuma da lambobinsa dillalan duniya ke ciniki.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙirgan lu'ulu'u sabon abu ne na Turawa. 'Yan kasuwar Habasha sun daɗe suna shafa maɓallin nan da babban yatsa. Idan lu'ulu'un sun goge, sai su ƙi karɓa ko su rage masa daraja, domin sun san riyalin da ya cinye haka nauyinsa ya tawaya. Ilimin ne dai guda, kowa da inda ya ɗauko shi.

Wani lokaci akan ga riyal an buga masa ƙaramin tambari da rubutun Larabci, kamar Hijaz ko Najad, dillali kuma ya tsawwala kuɗi saboda shi. A yi taka-tsantsan. Masana sun nuna cewa da yawa daga cikin tamburan nan daga baya aka ƙirƙira su don a yaudari masu saye. Riyalin na gaske, tambarin na ƙarya.

'YAN'UWANSA A CIKIN ADAKA

Ba riyalin mai tsuntsu kaɗai ake tararwa ba. Akwai na Sifen, mai ginshiƙai biyu a baya, waɗanda Larabawa suka ɗauka igwa ce har suka ce masa Abu Madfa. Nauyinsa wajen giram 27 ne, shekarar da ke jikinsa kuma ta gaskiya ce, yana kuma ɗauke da alamar garin da aka buga shi: harafin M da ƙaramin o a kansa na Meziko ne, akwai kuma na Lima da na Potosi. Akwai ƙwandalar faran biyar ta Faransa, giram 25, kashi tara cikin goma azurfa. Ita ce ta gaji sunan dala a wajen 'yan'uwanmu na Nijar, shi ya sa har yau suke kiran faran biyar dala ɗaya.

Sai kuma sule da fataka da sisi da taro na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. A 1920 aka rage ta, a cikin shekarar kuma aka koma ga tagulla. Don haka sule mai hoton bishiyar kwakwa na 1916 azurfa ne, na 1938 kuwa ba shi da ko ƙwayar zarra. A wasunsu za a ga ɗan harafin H ko KN, alamar kamfanonin Bamingam da suka buga su.

NASIHA

Abin da ya fi yawa a hannun jama'a shi ne bugun baya mai S.F., kuma darajarsa ita ce ta azurfar da ke cikinsa da ɗan abin da ba a rasa ba. Lissafin mai sauƙi ne: riyal goma giram 234 ne na azurfa, sai a tambayi farashin giram a kasuwa ranar da za a sayar. Wanda ya zo ya ce zai ba ka miliyoyi saboda 1780, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na wani magani, ɓarawo ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Wanda kuma ya ce darma ce, ya miƙo kuɗin goro zai tafi da ita, a ce masa a fara hawa sikeli tukuna.

Masu rabon gado su auna kowane riyal a gaban magada, su rubuta nauyinsa da haruffan da ke jikinsa, su ware masu baƙuwar alama har a nuna wa wanda ya sani, ko ma'aikatan gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano ko na Jos. Kada a wanke su da toka ko lemun tsami ko yashi. Baƙin da shekaru suka sa wa azurfa ba dauɗa ba ne a idon masu saye, shaida ce, wankewa kuwa rage kuɗi take yi. In kuma hali ya yi, a bar ko guda ɗaya a gida, a gaya wa yara hanyar da ya biyo kafin ya iso hannun kakarsu.

Nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba anini da ɗari da kwabo mai huda. Allah ya ba mu alheri, ya kare mu daga cin haƙƙin wani.